Hsinchu: Garin da Injinansa Ba Sa Barci

Daga Taipei, jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya kai ni Hsinchu cikin kusan rabin awa. Iska ce ta fara tarbata, don haka ma mutanen Taiwan ke ce masa garin iska. Tambaya ɗaya ta kawo ni: me ya sa cif, ɗan abin nan da ke zaman ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, wanda asalinsa yashi ne, yake cin maƙudan kuɗi haka?

A gandun kimiyya na garin, wanda aka buɗe a 1980, hedikwatar kamfanin TSMC take, kamfanin da Morris Chang ya kafa a 1987. Ba a barin baƙo ya shiga ɗakunan aiki, domin ƙwayar ƙura ɗaya na iya lalata kaya. A gidan tarihin kamfanin na tsaya gaban faifan silikon mai faɗin milimita 300, yana ƙyalli. A kan irinsa ake zana ɗaruruwan cif lokaci guda, ta matakai ɗaruruwa, har ya yi wata uku ko fiye kafin ya fito.

Nan lissafin yake. Kamar mai tuyar waina ne: itace da mai da ƙullu duk ɗaya ta kashe, ko gurbin tanda duka suka yi kyau, ko rabi suka ƙone. Kuɗin faifai ba ya canjawa, sai dai a raba shi kan cif ɗin da suka fito lafiya. Shi ya sa injiniyoyin garin ba su da zancen da ya wuce kashi nawa ya tsira.

Ba albashi ne ke cinye kuɗin ba, injina ne. Na'urar zane da haske ta kamfanin ASML na Holand tana kai dala miliyan 150, sabon samfurinta ya ninka haka. TSMC na raba kuɗin injina kan shekara biyar. Na buga lissafi: wannan na'ura ɗaya tana cin sama da dala dubu 80 kowace rana, ko tana aiki ko tana zaune. Da daddare na ga fitilun masana'antu a kunne, ma'aikata na canjin aiki, ban yi mamaki ba. A 2023 kaɗai kamfanin ya kashe kusan dala biliyan 30 kan gine-gine da injina.

Na kuma leƙa madatsar ruwa ta Baoshan, bayan gari. Wanke faifai na shan ruwa mai yawa. A lokacin farin da aka yi a 2021 har da tankoki aka riƙa kai wa masana'antu ruwa, gwamnati kuma ta tsayar da ban ruwa a dubban hektoci na gonakin shinkafa. An biya manoma diyya, amma a ganina wannan ma kuɗin cif ne, kuma ya kamata a riƙa saka shi cikin lissafi.

Kafin in bar gandun na wuce ta gaban hedikwatar MediaTek. Cif ɗin da wannan kamfani ke tsarawa ne a cikin wayoyin Tecno da Infinix da yawa da ake sayarwa a Kano da Maraɗi. Mai karatu, idan irinsu ce a hannunka, wani kaso na kuɗin da ka biya wajen injinan Taiwan ya tafi.