Sana'armu Da Takardar JAMB



Da yawa daga cikinmu 'yan aji shida a nan Sara muna da abin yi bayan an tashi daga makaranta. Wasu na zaman shagon cajin waya, wasu na riƙe wa yayyensu na'urar POS, wasu na tsara katin biki a waya a biya su. 'Yan mata na ɗinkin hula, kitso da zanen lalle. Ranar kasuwa kuwa ga awo, ga dako, ga lodin buhunan riɗi da hatsi. Tambayar da muke yi wa juna ita ce: wannan neman na kai zai taimaka mana shiga jami'a, ko zai tare mana hanya?

A Amurka, takardar neman shiga jami'a tana da gurbin da ɗalibi ke lissafa ayyukansa na wajen aji, har da sana'a, kuma ana dubawa. A nan ba haka ba ne. Hukumar JAMB ba ta tambayar wa ya iya ɗinki. Abin da ake dubawa shi ne maki nawa muka ci cikin 400 a darussa huɗu, sai kiredit biyar a WAEC ko NECO, galibi har da Turanci da Lissafi. Ko Jami'ar Tarayya ta Dutse muke so, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Kwalejin Ilimi ta Gumel, sakamako ne ke magana.

Duk da haka sana'a tana shiga cikin sakamakon. Da kuɗinta wasunmu za su sayi fom, su biya mota zuwa cibiyar jarrabawa, ba tare da an sayar da akuyar gida ba. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, tambayoyi 180 cikin awa biyu, don haka wanda ya saba da ita a shago ba zai ɓata lokaci yana laluben maɓalli ba. Mai riƙe lissafin POS kuma ya riga ya san ko zai ji daɗin karatun akanta.

Inda matsalar take shi ne lokaci. Wanda ke fashin makaranta yini ɗaya a mako ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na darasinsa. Wanda ya kai sha ɗaya na dare a shago, gyangyaɗi zai yi a darasin Lissafi. Ga shi NECO tana faɗowa daidai lokacin shuka da noman farko. Kuɗin yau kuma suna da zaƙi, har mutum ya fara ganin littafi ɓata lokaci ne. Taura biyu ba ta taunuwa a shekarar ƙarshe.

Ba cewa muke a bar sana'a ba, domin a jami'a ma ita za ta ciyar da wasunmu. Shawararmu ita ce, daga zangon karatu na biyu mu mayar da ita Asabar da Lahadi da lokacin hutu, mu riƙa jefa wani abu a asusu don kuɗin fom. Muna roƙon iyayen gidanmu na sana'a su ɗaga mana ƙafa har mu gama jarrabawa. Malamanmu kuma, don Allah idan kun ga ɗalibi na yawan fashi, ku tambaye shi dalili kafin bulala.

Allah ya ba mu sa'a, amin.