"Da Kanta Ta Haihu?"

A gidajenmu, idan aka ce wance ta sauka, tambaya ta biyu bayan "me aka samu?" ita ce "da kanta ta haihu?" In aka ce aiki aka yi mata, sai muryoyi su yi ƙasa, a shiga jaje kamar an yi asara. To ina ga wadda lafiyarta ƙalau, ta ɗan cikin ma ƙalau, ta je ta ce wa likita ita tiyata take so, ko a ɗaura mata ruwan naƙuda ranar kaza? Wannan sai dai ta ɓoye wa dangin miji. Kuma akwai irinta a cikinmu, mu matan da muka haura talatin muna rubuta manhaja, muke da halin zuwa asibitin kuɗi.

Ana ce mana ragwaye. Amma ku saurari dalilan. Wata yayarta ce ta kwana biyu a kan gwiwa, ɗan bai zo da rai ba. Wata ta taso tana ganin gwaggonta da yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ke haifarwa. Yawancinmu kuwa dare muke tsoro: naƙuda ta tashi ƙarfe biyu, ba wuta, likita yana gida, a ce miji ya fita neman jini. Mai zaɓar safiyar Talata tana sayen likita a tsaye ne da jini a ajiye.

A waje an daɗe da buɗe zancen. Tun 2011 hukumar NICE ta Ingila ta ce macen da aka yi wa cikakken bayani, ta kuma tsaya a kan bakanta, a yi mata aikin. A Barazil fiye da rabin jarirai ta tiyata suke zuwa. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2018, kan masu cikin fari fiye da 6,000, ya nuna tayar da naƙuda a mako na 39 bai ƙara yawan tiyata ba, ya ma ɗan rage: kusan kashi 19 cikin ɗari, a kan kashi 22 na waɗanda suka jira.

Sai dai wancan lissafin masu 'ya'ya biyu ne. A arewa maso yammacin Najeriya, ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna mace tana haihuwa fiye da sau shida. A aikinmu mun san gajeriyar hanyar da aka bi a farkon manhaja bashi ce, kuma a gaba ake biyanta. Haka mahaifa. Kowane yanka tabo ne, kuma da ƙaruwar tabon ake ƙara haɗarin mabiyiya ta manne ta ƙi fita, ko mahaifa ta fashe a wata naƙudar. Shi ya sa likitan da muke yarda da shi shi ne wanda, kafin ya buɗe kalanda, zai tambaya, "Hajiya, 'ya'ya nawa kike so?" Ruwan naƙuda ma sai da mai sa ido kan bugun zuciyar jariri. Waɗanda ke sayen ƙwayar tayar da naƙuda a kemis su sha a ɗaki, wallahi da ransu suke wasa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, wannan jajen da ake yi mana ba mu yake kashewa ba. Mu muna da zaɓi. A waccan ƙidayar, haihuwa kusan uku kacal cikin ɗari ake yi ta tiyata a faɗin ƙasar, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutuwar uwa da jariri tana raguwa ne yayin da adadin ke hawa zuwa goma. A 2024 ministan lafiya, Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Madalla. Amma a ɗakunan haihuwa da yawa har yau, mace tana zubar da jini ana jiran miji ya sa hannu, shi kuma yana waje yana jiran abin da mahaifiyarsa za ta ce.