Bindigar da ke Bayan Ƙyaure

Jama'a, a wannan wata maganar bindiga za mu taɓa, wato bindigar gida, wadda ke jingine bayan ƙyaure ko take saƙale a rufin ɗaki a gidaje da dama na nan Tumbutu da ƙauyukan da ke kewaye da Malanbil. (Masu karatu na Kwatano da Faraku su lura, Tumbutun bakin Kwara muke nufi, ta jihar Alibori, ba ta Mali ba.) Kowa ya san da ita, yara ma sun san inda take, amma ba a cika zancenta a fili ba.

Bari mu ɗauko zancen daga nesa. A Amurka, ƙasar da ta yi suna wajen yawan bindigogi a hannun farar hula, akwai masu sayen ƙaramar bindigar hannu don wasan saiti kawai. Mutum ya je fili na musamman, ya auna takarda mai zanen da'ira, ya harba, a ƙirga masa maki. Wasa ne da ake yi har a gasar Olamfik. To, tun 2005 dokar tarayyar ƙasar ta hana mai shagon bindiga ya miƙa wa mai saye bindigar hannu sai ya haɗa masa da abin kulle ta: ko kwado mai rufe kunama, ko igiyar ƙarfe da ake zurawa ta cikin bindigar a datse, ko akwati mai makulli. Wata doka ta 1986 kuma ta ce mai ratsa jihohi da bindiga a mota, in yana so doka ta tsaya masa, sai ya cire harsashi, ya sa ta inda hannu ba zai kai ba daga wurin zama. In motar ba ta da but, a sa ta cikin akwati a kulle.

A Faransa, mai wasan harbi dole ya ajiye bindigar hannunsa cikin akwatin ƙarfe mai makulli, in kuma zai tafi filin wasa ya ɗauke ta yadda ba za ta harbu nan take ba, ko da kwado a kunama ko a cire mata wani sashe. Birtaniya ta wuce nan. Bayan wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane a 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu, sai a 1997 aka haramta kusan duk bindigogin hannu, har 'yan wasan ƙasar suka riƙa fita waje yin atisaye. Duk wannan tsanani fa a kan bindigar da takarda kawai aka saye ta ta huda.

Mun san wani zai ce wannan zancen Turawa ne, su da suke da kuɗin akwatin ƙarfe. To, ai mu ma an rubuta mana. A ranar 14 ga Yuni 2006, a Abuja, shugabannin CEDEAO suka sa hannu a yarjejeniyar ƙananan makamai, ta fara aiki a 2009, kuma ƙasarmu na cikin waɗanda suka amince da ita. Yarjejeniyar ta ce kada a ba farar hula izinin riƙe bindiga sai ya kai shekaru, ba shi da tabon laifi, yana da dalili na halal, ya koyi yadda ake sarrafa ta, sa'an nan ya nuna cewa zai ajiye ta wuri amintacce, ita dabam harsashi dabam. Ta kuma sa a jira aƙalla kwana 21 kafin a ba da izinin. A nan gida, doka mai lamba 2019-07 ita ce ta tsara sha'anin makamai da harsasai, kuma izini a hannun hukuma yake. Wanda ya sayi bindiga a ɓoye don ta fi araha, ya sani rigima ya saya da kuɗinsa.

Abin da ya fi damunmu cikin sharuɗɗan nan shi ne na ƙarshe, ita dabam harsashi dabam, don shi ne ya ci karo da al'adar masu bindiga a cikinmu. Kuma al'adar tana da dalilinta, bai kamata a raina shi ba. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda, a zuba ƙarafa, a sake toshewa, sa'an nan a sa hula. Kafin a gama duk wannan, birin da ya shiga gona ya ci ya ƙoshi ya haye bishiya. Saboda haka maharbi tun daga gida yake ɗurawa. In ya dawo bai sami abin harbi ba, ba ta da wata ƙofa da za a buɗe a zaro abin da ke ciki. Ko dai ya harba ta sama ya yi asarar albarushi, ko ya zauna ya yi ta ƙwaƙulo, ko ya jingine ta haka nan sai gobe. Yawanci na ukun ake zaɓa. Goben nan kuwa takan zama mako, takan zama wata, har mai ita ya manta ko a ɗure take ko wofi.

Mun taɓa zama da wani dattijon maharbi bayan sallar la'asar muka kawo masa wannan magana. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce, "Mushe, shekara nawa ina riƙe da ita ba ta taɓa cin kowa ba? Ai ina cire hula. Kuma in ɓarawo ya shigo turke da tsakar dare, ce masa zan yi ya dakata in nemo makulli?" Muka ce, "Baba, gaskiyarka. Amma hular da kake cirewa, ina kake ajiye ta?" Ya yi dariya ya ce cikin gwangwani, a kan taga. Muka ce to jikokinka sun fi ka sanin gwangwanin nan.

Maganarsa ta ɓarawo ba abin wasa ba ce, satar dabbobi gaskiya ce a yankin nan. Sai dai mu auna. Ɓarawo, in ya zo, sau ɗaya ne ko biyu a shekaru. Yaro kuwa kullum yana cikin gida, safe da yamma, musamman lokacin aikin albasa da shinkafa da manya ke wuni a fadama. Da dare mai gida yana nan, makulli na jikinsa, buɗe kwado ba ya cin minti guda. Da rana ne ba ya nan, kuma da rana ne ake barin ɗakin a buɗe.

Mu da muke wuni da yara a lekol muna jin abin da iyaye ba sa ji. Yakan faru mu karɓe kwanson harsashi daga hannun yaro a aji, ja ko kore, yana busa shi kamar usur. In ka tambaye shi inda ya samo, sai ya zayyana maka komai: inda bindigar babansa take, yadda ake karya ta, inda ake sa harsashi, har ya gwada maka da hannu. Yaro ɗan shekara tara bai taɓa harbi ba, amma ya ga an yi sau ɗari, kuma ya gani a waya. Gargaɗi yana da amfani, muna yi kuwa. Amma wanda ya koyar da yara ya san “kada ka taɓa” kwana nawa take yi a kunnen yaro, balle in abokinsa ya zo gidan yana so ya burge shi. Mutane kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar rijiya a buɗe a tsakar gida saboda wannan karin magana ba.

Mai bindigar zamani, irin kalibar 12 mai baki ɗaya da ake karyawa, aikinsa ya fi sauƙi. Ya karya, ya zaro harsashi, ya leƙa ya ga haske ta baki. Tana rabuwa gida uku cikin ɗan lokaci ba tare da wani kayan aiki ba. In ba ya son rabawa, igiyar kulle keke mai kwado, wadda ake sayarwa a kasuwar Malanbil, in ta shiga ta cikin bututun aka datse, bindigar ba za ta rufu ba balle ta tashi. Abu ɗaya dai, kada a kuskura a sa kowane irin kwado a kunamar bindigar da ke ɗure, don wajen sawa ko cirewa tana iya tashi. A fara sauke ta tukuna. Mai bindigar toka shi ma ya sauke tasa a daji kafin ya shigo gari, ko da zai yi asarar ɗuri ɗaya, ya kulle albarushi da hula a wani wuri nesa da murhu. Albarushin da ya daɗe cikin bututu ma yakan sha danshi ya ci ƙarfe, ga shi yawancin bututun nan aikin maƙera ne, ba su da kaurin na kamfani.

Sai maganar hanya, wadda a yau ta fi ta da nauyi nesa ba kusa ba. Da, mutum kan rataya bindiga a kafaɗa ya hau keke ya ratsa gari, a ce masa a dawo lafiya. Wannan zamani ya wuce. A Fabrairun 2022 nakiya ta tashi da masu gadin dajin W, nan kusa da mu. A ranar 17 ga Afrilu 2025 aka kashe sojoji 54 a wannan yanki, bisa lissafin gwamnati. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, jama'a suka koma kwale-kwale. Sojan da ke tsaye a shinge yana da 'yan'uwa cikin waɗanda suka mutu, kuma wataƙila daga kudu ya zo, bai jin Dendi, bai jin Hausa, bai jin Fulatanci. In ya hango mutum biyu a kan babur da magariba, bakin bindiga na leƙowa daga buhu, ba shi da lokacin tambaya ko gadu za a je harbi.

A nan ne ya kamata mu Hausawa mu fi kowa kula. Mu tsiraru ne a ƙasar nan. Ko kakan mutum a Tumbutu aka haife shi, da ya buɗe baki wasu za su ce daga Kamba ko Gaya ya ƙetaro. In ɗayanmu ya shiga hannu da bindiga marar takarda, ba sunansa kaɗai za a ambata ba, za a ce Bahaushe ne, kuma 'yan kasuwarmu da ke bin hanyar Kandi kowane mako su za su sha tambayoyi. Saboda haka wanda dole ta sa zai ɗauki bindiga zuwa wani wuri, ko wajen gyara ko wajen hukuma, ya ɗauke ta wofi, a rabe ko a kulle, cikin jaka, harsashi a wata jakar, takardar izini da katin shaida a aljihun gaba, kuma da rana tsaka. In an tsayar da shi, ya faɗa da bakinsa kafin a bincika, hannuwansa a fili, ya bar su su buɗe da kansu. Ƙetare kogi da ita kuwa, ko da zuwa gidan surukai ne a wancan ƙetaren, kada ma a fara. Takardar wannan ƙasa ba ta aiki a waccan.

Malamanmu na addini sun san wannan babi tun kafin a ƙera bindiga. Ya zo a hadisi ingantacce cewa an umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, an kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Da limamai za su ɗauki wannan a huɗuba ɗaya kafin lokacin farauta, da sun isar da saƙon inda takardar hukuma ba ta kaiwa, don yawancin masu bindigar nan ba sa karanta Faransanci.

A taron iyayen yara mai zuwa za mu kawo maganar, mun kuma roƙi delege da sarkin maharba su halarta. Wani kafinta a unguwarmu ya ce zai iya yin dogon akwatin katako mai marfi da wurin sa kwado, a kafe shi a bango, kuma in mutum biyar suka haɗu zai rage musu kuɗi. Dattijon nan da muka ambata ya ce zai zo ya ga akwatin da idonsa kafin ya ce komai.