Kofin da Aka Ƙwace wa Lincoln Phillips

A aikinmu na ɗakin labarai, idan tsohon ɗan ƙwallo ya rataye takalmi ya koma koyarwa, layi biyu muke ba shi a gindin shafi mu wuce. Ni kuwa na daɗe ina ganin ba a kyauta wa irin waɗannan mutane, musamman ma waɗanda suka zaɓi koyar da ɗalibai a makaranta. Wanda ya fi tsaya mini a rai cikinsu shi ne Lincoln Phillips.

An haife shi a tsibirin Tirinidad cikin 1941. Mai tsaron gida ne, kuma da shi ƙasarsa ta zo ta uku a wasannin ƙasashen nahiyar Amurka na 1967. Daga nan ya tafi Amurka buga ƙwallon sana'a a Baltimo da Washinton. Cikin 1970 ne ya karɓi ragamar ƙungiyar Jami'ar Howard, watau tsohuwar jami'ar nan ta baƙar fata da ke Washinton, inda marigayi Dokta Azikiwe ya taɓa yin karatu. Yawancin yaransa daga tsibiran Karibiyan da Afirka suka fito.

A zamanin nan Jami'ar Saint Louis ce sarauniyar ƙwallon makarantu, ta riga ta ɗauki kofin ƙasa sau 8. To, a ƙarshen 1971 sai ga Howard ta doke ta da ci 3 da 2 a birnin Mayami. Ba a taɓa samun jami'ar baƙar fata da ta ci kofin babban rukuni ba sai ran nan, mai koyarwar kuma shekararsa 30 kacal.

Murna ba ta je ko'ina ba. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta buɗe bincike, ta ce wasu 'yan wasan ba su cancanta ba. Ta karɓe kofin, ta kuma hana Howard shiga gasar 1973. Cikin dokokin da ta kafa hujja da su akwai wadda ta shafi baƙi kaɗai: ɗalibin da ya yi wasa a ƙasarsu bayan ya wuce shekarun da aka ƙayyade, sai a zaftare masa shekarun wasa a jami'a, alhali ba a yi wa ɗan Amurka haka. Jami'ar ta kai ƙara. Alƙali ya ce lalle wannan doka ta nuna bambanci, ya soke ta, amma ya bar sauran dokokin, saboda haka kofi bai dawo ba.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya. Ban ce hukumar ba ta da hujja ko ɗaya ba, tun da kotu ma ta amince da wasu. Amma wa zai gaya wa yaron da ya baro Inugu ko Kinston cewa ƙwallon da ya buga a garinsu laifi ne? Ga Phillips kansa kuwa, mutumin da ke da sana'a a hannu, da ya kwashe komatsansa ya koma tsaron gida babu mai ganin laifinsa. Bai tafi ba. Ya zauna da yaran da aka kunyata, ya bi dokokin nan ɗaya bayan ɗaya don kada a sake samun kafa, ya yi ta horar da su shekara guda cur alhali sun san ba su da rabo a gasar. Wannan aiki ne da ba a koyonsa a tsakanin turakun raga.

Cikin 1974 Howard ta buga wasa 19 ta cinye duka. Wasan ƙarshe kuma, ikon Allah, da Saint Louis ɗin ne dai, a cikin garinsu, gaban mutanensu. Sai da aka yi ƙarin lokaci har sau huɗu kafin a tashi 2 da 1. Wanda ya jefa ƙwallon nasara ɗan Nijeriya ne, Kenneth Ilodigwe, abin da ban cika jin ana ambata a shafukanmu na wasanni ba.

Phillips ya ci gaba da koyarwa a Howard har wajen 1980, daga baya ya koma gida ya zama darektan horarwa na hukumar ƙwallon Tirinidad. A littafin NCAA kuwa, gurbin zakaran 1971 yana nan a soke.