Zabiya a Gaban Dodon Birni

A tatsuniyar Hausa mazaunin Dodo sananne ne: ko ƙungurmin daji, ko ƙarƙashin ruwa, ko kogon kuka. Wanda bai fita bayan ganuwa ba, ba safai yakan gamu da shi ba. To, amma akwai wani nau'in ƙagaggen labari da ya bunƙasa cikin Turanci, wanda ya ɗauko Dodo ya zaunar da shi a tsakiyar birni. Ɗaya daga cikin irin waɗannan littattafai shi ne Akata Witch na Nnedi Okorafor, 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Amurka, wanda aka buga a 2011.

Tauraruwar labarin, Sunny, yarinya ce 'yar shekara 12. An haife ta a birnin Niyok, sa'an nan iyayenta suka dawo da ita Aba. Zabiya ce, don haka ko ƙwallon ƙafar da take so ba ta iya bugawa cikin rana. A makaranta kuwa ana yi mata gori da kalmar "akata", watau baƙar fatar da ta tashi a ƙasar waje. Ana nan sai ta gano ita tana cikin wata ɓoyayyiyar al'umma ta masu baiwa, Mutanen Damisa, waɗanda ke zaune cikin jama'a ba tare da an san su ba.

Abin lura shi ne inda marubuciyar ta ajiye tushen ƙarfin yarinyar. A wannan al'umma, baiwar mutum tana fitowa ne daga abin da duniya ke ɗauka aibinsa. Abokinta Orlu, wanda karatu ke yi wa wuya, shi ne gwanin warware sihiri. Ita kuwa Sunny, da ake yi wa kallon mai kama da fatalwa, ita aka ba ikon ɓacewa daga idon mutane da shiga duniyar iskoki. Bugu da ƙari, kuɗin da suke ciniki da shi faɗowa yake daga sama duk sa'ad da mutum ya koyi wani abu, kuma na jan ƙarfe ya fi na zinariya daraja.

Wannan zubi ba baƙo ba ne ga manazarcin adabin Hausa. A tatsuniyar Ruwan Bagaja ma 'yar bora, wadda aka raina, ita ke dawowa da arziki, 'yar mowa ta kwashi kunya. Sai dai akwai bambanci. 'Yar bora da ladabi da haƙuri ta tsira, ladanta kuma dukiya ce. Sunny kuwa sai da ta sha wuyar koyo, ta kuma tsaya da ƙafarta gaban abin tsoro, sa'an nan ta kuɓutar da wasu.

Abin tsoron kansa iri biyu ne. Akwai Ekwensu, muguwar iska mai siffar dodon gargajiya, wadda Sunny ta kora inda ta fito. Amma mai kiran ta ɗan Adam ne, wani attajiri, Otokoto, mai sace yara yana tsafi da su. Sunan nan yana tuna wa mai karatu tarzomar Otokoto ta 1996 a Owerri, wadda ta ɓarke bayan an kashe wani yaro mai tallar gyaɗa don tsafi. Ke nan dodon birni yana iya sa riga ya shiga mota, kuma kwaɗayi ne abincinsa.

Haƙiƙa a nan darajar littafin take. Zabiya har yau tana fama da rana da kuma bakin mutane, a wasu ƙasashe, kamar Tanzaniya, har an sha farautar zabiyoyi don sassan jikinsu. Labarin da ya miƙa wa irin wannan yarinya ragamar ceton jama'a ya yi aikin da wa'azi kaɗai bai cika yi ba, domin mai karatu yakan wayi gari yana fargaba saboda ita, yana kuma fatan nasararta.

Marubutan Hausa ba su rasa kayan wannan aiki ba. Ga iskokin bori, ga almarar kasuwar aljanu, ga lungunan Kano da Zariya da Katsina. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai duba cikin 'yan matan da aka saba rainawa, ya zaɓi ɗaya, ya ba ta labarin ta riƙe har ƙarshensa.