Auduga ba ta jiran a gama yankan dawa

A kewayen Lubbock, a jihar Texas ta Amurka, sau ɗaya ake shiga gonar auduga don girbi. Injin girbi ba ya zaɓe. Da ƙwallon ƙasa da ya daɗe da fashewa, da na sama da bai gama ƙosawa ba, duka yake kwashewa. Shi ya sa za ka ga manomi yana bin kunyoyi yana ƙirga, sai kusan kashi 60 cikin 100 sun buɗe sannan ya fesa maganin zubar da ganye. Wani ma sai ya tsaga ƙwallo da wuƙa: in ɓawon angurya ya yi duhu, ta ƙosa.

In ya yi gaggawa, silin audugar bai cika ba, ya riƙa ƙullewa wajen kaɗi, rini kuma ba zai kama shi daidai ba. In ya yi jinkiri ruwa ya doke ta, farinta ya dushe. Kuma ba ya ɓoyuwa, domin kowace dila sai Ma'aikatar Noma ta Amurka ta auna samfurinta da na'ura, tsawo da ƙarfi da launi da datti, farashi kuma ya biyo sakamakon.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu a Funtuwa da Malumfashi da Gusau muna da abin da ya fi injinsu. Hannu yana zaɓe. Ana iya cirar kaɗa sau biyu ko uku, kowace a kan ganiyarta. Sai dai lokacin ya zo daidai da yankan dawa, kuma ba wanda zai bar abinci a gona don auduga. Sai ta zauna a buɗe, ƙurar hunturu ta lulluɓe ta, busasshen ganye ya manne mata, wata ta zube ƙasa. Ranar da aka zo cira, a haɗa da mai kyau da maras kyau, wani lokaci da raɓar safiya a jikinta, a danna a buhun leda, wanda zarensa ke bin ta har masaƙa.

Ban ga laifin manomi ba. Tun da aka rushe hukumar sayen auduga a 1986, tantance daraja a kasuwa ya yi rauni. Ɗan kwamisho sikeli yake kallo. Wanda ya shiga gona sau uku ya biya leburori sau uku, amma kuɗin kilonsa ɗaya ne da na maƙwabcinsa da ya bar tasa har Janairu.