Inda Kundin Ya Yanke

Yau da rubutun da na'ura ke yi na zo muku, ku yi haƙuri da ni.

Ni ɗan Gumel ne, sana'ata rubuta manhaja. Bara kawuna, mai fataucin shanu a kasuwar Maigatari, ya sa na yi masa 'yar manhaja a wata tsohuwar kwamfuta domin yaronsa ya riƙa shigar da ciniki: sa nawa aka saya, ta hannun wane dillali, nawa aka biya, nawa ya rage. Duk wanda ya san Alhamis a Maigatari ya san yadda naira da sefa ke yawo tsakanin mutanen Nijar da masu lodin tirela zuwa kudu. Ban da lissafin, na sa manhajar tana ajiye wani kundi na gefe, inda take rubuta duk abin da aka taɓa da lokacin da aka taɓa shi. Shi ne shaida idan gardama ta tashi.

Gardamar kuwa ta tashi. Wani dillali ya ce an rage masa kuɗi a lissafi. Yaron ya rantse cewa gab da magariba ya gyara adadin, a gaban dillalin, sannan ya rufe. Kawu ya kira ni: "Kai ka ce na'urarka ba ta mantuwa. Zo ka nuna mana."

Na buɗe kundin, sai na tarar ya yanke tun bayan la'asar.

Laifina ne. Saboda kwamfutar tana da nauyi, na hana Logback, wato manhajar da ke rubuta kundin, sauke kowane layi nan take. Tara su take yi a wani aljihu mai cin kilobayit 8, sai ya cika ta juye a faifai. Kamar ɗan aike ne da ke tara takardu a aljihu, aka rufe shago kafin ya kai su. Ban taɓa gaya mata ta zazzage aljihun kafin a tashi ba.

Dalilin mantuwar shi ya fi ba ni haushi. Manhajata ba ta magana da Logback kai-tsaye, sai ta bakin SLF4J, wani tsani da Ceki Gülcü ya ƙirƙira domin mutum ya iya sauya marubucin kundi ba tare da ya rushe aikinsa ba. Wanda ya ga tashin hankalin Disamba 2021, lokacin da aka gano ɓarakar Log4Shell a Log4j, ya san darajar wannan 'yanci. Sai dai SLF4J umarnin rubutu kawai ya sani, ba shi da kalmar "rufe". Logback tana da hanyar tsayawarta, Log4j tana da tata daban, kuma da ka ambaci ɗaya a tsakiyar aikinka ka ɗaure kanka da ita.

Abin da na yi shi ne na ware ɗan fayil guda, shi kaɗai ya san sunan marubucin. Sauran manhajar "tashi" kawai take ce masa. Ranar da na sauya marubuci, shi kaɗai zan taɓa. Na kuma jera tashin: a daina karɓar ciniki, a rufe lissafi, a rubuta "an rufe lafiya", sannan a ƙarshe a rufe kundi. Wuri ɗaya na haɗa su, domin Java ba ta da tabbacin wanda zai riga wani cikin ayyukan bankwana da aka rataya mata. Idan batir ya mutu kuwa babu wani bankwana, don haka duk layin da ya shafi kuɗi yanzu nan take yake sauka, nauyin ya daɗe bai yi ba.

Na ce wa Kawu, a gaban yaron da dillalin, kuskuren nawa ne. Kawu ya cike kuɗin daga aljihunsa, bai kori yaron ba, amma ban iya wanke shi ba, tunda shaidar ta tafi. Makon jiya na leƙa rumfar. Yana shigar da ciniki a kwamfuta, sannan ya sake rubuta shi da biro a wani littafi mai bango ja, ya miƙa wa dillali ya dangwala hannu.